Tsayayyen Hindawiyya

Alhamis, 4 ga Safar 1396, da hantsi

Likita ya ce in riƙa motsa yatsun nan, in ba haka ba za su ƙage. Wai in sayi ƙwallon roba in riƙa matsawa. Ni Abdulghaffar, da gemuna, in zauna ƙofar gida a unguwar Hindawiyya ina matsa ƙwallo kamar mai tatsar akuya. Na ce masa zan yi rubutu, shi ma ai motsa yatsu ne. To ga shi ina yi. Rubutun ya fito a karkace, wanda bai iya karanta shi ba dama ba don shi aka yi ba.

Hannun dama ne. Daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu yana jin magana. Daga nan zuwa yatsu sai abin da ya ga dama. Ba zan rubuta maganar jirgin siminti ba. Kowa a mina, tashar jiragen ruwa, ya san ta, kowa ya ƙara mata gishiri, ba ta buƙatar alƙalamina.

Matata Mastura ta ce in ci abinci. Na ci.

Juma'a, bayan magariba

Na je filin Sa'alaba. Tun iyayenmu da suka zo Hajji da ƙafa suka zauna, Hausawan Jidda ke kokawa a can duk Juma'a bayan la'asar. Ba mu da kalangu, gwangwanin man shanu ake bugawa a hankali don kada maƙwabta su kai ƙara. Dokar ita ce ta gida: gwiwarka ko tafinka ko bayanka ya taɓa ƙasa, ka faɗi, sai ka kakkaɓe wando ka ba mutane wuri. Ni tun da na fara shiga fili ban taɓa kakkaɓe wando ba. Shi ya sa ko a mina, tashar jiragen ruwa inda nake dako, ba mai kirana Abdulghaffar. Tsayayye suke cewa.

Na tuɓe riga ke nan sai Baba Na'ibi, shugaban filin, ya riƙe mini gefen wando.

"Ɗana, halas, ya isa haka. Zo ka zauna kusa da ni ka riƙa raba gardama."

"Baba, hannun hagu na nan lafiya."

"Na gani. Da shi za ka riƙe Rafi'u? Yau ya ka da kai, gobe an manta duk shekarun nan. Sunanka ya tsira, ba wanda ya taɓa ganin ƙura a bayanka. Bar shi haka."

Rafi'u shi ne saurayin da ke tashe yanzu, mai wuya kamar turmi. Ya sunkuyar da kai wai shi mai ladabi. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka miƙo shayi, kowa na yi mini sannu da muryar da ake duba mara lafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sha shayin don girman Baba, na tashi.

Abin da nake nema bai da yawa: wurin da zan kama mutum ya kama ni, in yi gumi, in dawo gida da gajiya. In filin nan ya rufe mini ƙofa, Jidda da faɗi. Zan sami wuri, kuma sunana zai zauna yadda yake. Duka biyun nake so, ban ga mai hana ni ba.

Asabar, bayan asuba

Na ɗauki bokiti da hannun dama. Ya zube a tsakar gida. Ruwa ne, ya bushe.

Lahadi, bayan azahar

Mastura ta dawo daga gidan Yahya. Kullum sai ta je. Yahya abokina ne, igiya ɗaya muke ja a mina tun muna samari. Ta ce Barakatu, matarsa, ta tambaye ni. Ta ce Barakatu ba ta fita, ba ta sa turare, sai kwanakin sun cika. Na ce na ji.

Na tafi kasuwa ta bayan masallaci. Hanyar ta fi tsawo amma ta fi inuwa.

Talata, bayan magariba

An ce mini akwai kulob a Ammariyya inda wani Bamisre ke koyar da judo, kokawar mutanen Japan. Na je. Wuri mai kyau, da fanka, da katifu a shimfiɗe har bango. Malamin mai faɗin ƙirji ne, da usur a wuya kamar ɗan sandan hanya. Ya dubi kafaɗuna ya yi murmushi, ya dubi hannun ya mayar da murmushinsa aljihu. Ya miƙo mini wuyan rigarsa ya ce in damƙa. Hannun hagu ya damƙa har sai da mutumin ya ɗaga dunduniya. Na dama ya taɓa rigar ya zame.

"Alf salama, ya akhi," ya ce, wato sannu, ɗan'uwa. Wai wasansu hannu biyu yake ci, ɗaya a wuyan riga, ɗaya a hannun riga. Amma in ina so in riƙa zuwa kallo, marhaba.

Wata tabarmar ke nan da wani shayin. Na ce masa kallo akwai shi a Sa'alaba, kuma can da Hausa ake yi.

Laraba, da safe

Mastura na shara ta ce, "Wai yaushe za ka kwanta kamar mutane? Tun da ka dawo daga asibiti a zaune kake barci, jingine da bango."

Saboda hannun ne. Na faɗa mata, na sake faɗa mata.

Alhamis, bayan la'asar

Na kai ɗinkin riga wurin Abdulghani tela. Bahaushen Sudan ne, ya ba ni shekaru da dama, siriri, in iska ta taso daga teku sai ka ji tausayinsa. Na tarar yana ɗinka wasu fararen riguna masu kauri, marasa maɓalli. Na tambaya na waɗanne fursunoni ne. Ya yi dariya ya ce na wani Muhandis Sakuma ne, injiniya mutumin Japan da ke gyaran injinan ɗaga kaya a mina. Yana koya wa mutane wani wasa a wani sito, sunansa aikido. Ya ce shi ma yana zuwa.

"Kai, Malam Abdulghani?"

"Ni. Wasan ba ya cin ƙarfi, ya zol, mutumina. Ƙarfin wanda ya taso maka da shi za ka yi aiki."

"Hannu nawa yake ci?"

"Wanda kake da shi."

Wannan amsar ce ta sa zan je. Ba na jin akwai wani abin kirki a wasan da tela ke yi, amma zan je.

Asabar, bayan magariba

Na je, kuma ina da abin cewa.

Siton yana bayan mina, dogo, da rufin kwano. Sun baza ɗusar katako a ƙasa sun rufe da tamfol sun ɗaure gefuna. 'Yan wasan ba su da yawa: Abdulghani, da wasu Larabawa Hadramawa biyu masu shago, da wani Bukhari mai gidan burodi. Muhandis ɗan ƙaramin dattijo ne mai furfura, sanye da baƙin wando mai faɗi kamar zane. Larabcinsa duk a gutsure yake, amma ana ganewa. Abdulghani ya ce a ƙasar su Muhandis goshi suke kaiwa ƙasa in za su fara, da aka gaya masa mu ba ma yi wa kowa haka sai Allah, ya ce to a ɗora hannu a ƙirji. Wannan ya burge ni, ba zan ɓoye ba.

Ya kama hannuna na dama ya jujjuya, ya matsa nan ya matsa can. Bai ce mini sannu ba. Shi ne mutum na farko tun daga asibiti da bai ce mini sannu ba. Ya ce, "Kwayyis," wato da kyau, ya miƙo wuyan hannunsa ya ce in riƙe. Na riƙe da hagu, riƙon da na san ko Rafi'u sai ya yi ƙara. Ban san abin da ya yi ba. Ya dai juya, sai na ji kamar labule na kama, ƙafafuna suka tafi neman ƙasa. Na yi taga-taga har bango, na dafe. Amma ban faɗi ba. Na juyo ina jiran ya yaba. Ya ɗaure fuska.

Sai na zauna na ga yadda suke yi. Biyu-biyu ne. Ɗaya ya kawo hari, ɗayan ya juya shi ya ka da shi. Wanda aka kayar ya mirgina ya tashi yana murmushi, ya sake kawowa, a sake ka da shi. Can sai su canza, mai kayarwa ya koma mai faɗuwa. Manyan mutane da iyali, suna zubewa a ƙasa da son ransu, ba ko kunya. Bukharin nan har godiya yake yi.

Na yanke shawara. Juyin nan da Muhandis ya yi mini, ina son sa, kuma zan koye shi. Faɗuwar kuwa su riƙe kayansu.

Litinin, bayan magariba

Na yi gumi. Alhamdulillahi, na yi gumi har wando.

Talata, bayan magariba

Wasan nan an yi shi don ni. Ba ya son damƙa, da buɗaɗɗen tafi ake yi, gefen hannu ke aiki da juyin ƙugu. Hannun da Bamisre ya raina yau shi ya kifar da Bahadrame. Ina dawowa na ji babban yatsa na motsi da kansa, na nuna wa Mastura, ta ce masha Allah, ta ƙara mini miya.

Matsala ɗaya ce. In aka zo kaina na faɗuwa sai in kafa ƙafa irin ta Sa'alaba. Bahadramen ya ja, ya tura, ya yi nishi, ina tsaye. Muhandis ya zo ya nuna tamfol ya ce, "Tih." Wato faɗi. Na ce masa in ya iya ya ka da ni. Ya dubi hannuna na dama, ya ce in ya ka da mutumin da bai iya faɗuwa ba, karya shi zai yi. Wai don ni yake ji. Kowa a garin nan don ni yake ji.

Laraba, bayan azahar

Mastura ta ce Barakatu ta sake tambaya. Na ce ai ba gudu na yi ba, ina gari.

Alhamis, bayan magariba

Tih, tih, tih. Ko aku ya fi shi yawan kalmomi.

Asabar, bayan magariba

Ba laifina ba ne, da wannan zan fara.

An haɗa ni da Abdulghani. Na ka da shi, na ka da shi, yana tashi yana gyara ɗamara. Aka zo kaina. Ya kama wuyan hannuna na dama ya murɗa waje yadda aka koya mana, kuma ya yi daidai, don na ji ƙasa tana kirana. Daga nan ban san komai ba. Jikin da aka horar a Sa'alaba ba ya shawara da ni. Ƙafata ta shiga tsakanin nasa, hagu ya kama ɗamararsa, na ɗaga shi na buga da ƙasa.

A Sa'alaba da yanzu an ɗauke ni a kafaɗa. A nan kuwa Abdulghani na kwance, kafaɗarsa ta dama ta goce, yana cije leɓe. Muhandis ya durƙusa ya mayar da ita da hannunsa, na ji ƙarar. Sannan ya miƙe, ko kallona bai yi ba, ya nuna mini ƙofa.

Na fita. Takalmina ma a hannu na riƙe su har titi. Wa ya ce ya murɗe wa ɗan kokawa hannu? An san ko ni wane ne kafin a karɓe ni.

Lahadi, da hantsi

Ban fita ba.

Litinin, bayan la'asar

Bukhari mai burodi ya zo da saƙo. Muhandis ya ce ƙofa a buɗe take, amma in na dawo ba zan ka da kowa ba. Faɗuwa kaɗai zan riƙa yi, kowa ya ka da ni, har sai ranar da shi ya ce ya isa. Na ce ya gaya masa Tsayayye na gaishe shi.

Burodin da ya kawo yana da daɗi, wannan ba ruwansa da maganar.

Laraba, bayan magariba

Na shiga motar ɗaukar yashi har sansanin mutanen Koriya masu aikin hanya. Su ma suna da nasu wasan, bayan an tashi aiki. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, ba wanda ya dubi hannuna, ba wanda ya ce in faɗi. Aka jera mu sahu-sahu. A yi ihu, a harbi iska da ƙafa, a yi ihu, a naushi iska. Babbansu ya fasa bulo da gefen hannu, aka tafa.

Na yi har aka tashi. Na yi gumi kuwa. Amma ba wanda ya taɓa ni, ban taɓa kowa ba. Ni ban iya faɗa da iska ba, ba ta yi mini komai ba. Duk hanyar dawowa juyin nan na Muhandis nake yi da hannu a bayan mota, har direba ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Abin da ke ba ni haushi ke nan. Na zagaye Jidda, wuri ɗaya ne ya dace da jikina, kuma shi ne wurin da ke son sunana.

Juma'a, bayan magariba

Labari ya kai Sa'alaba, ya kai da ƙafafu da fukafukai. Wai na shiga gidan mutanen Japan na watsa su da hannu ɗaya. Baba Na'ibi ya tare ni bayan sallar Juma'a, fuskarsa kamar ranar Idi.

"Ɗana, ka wanke mu. Na ce ka huta, ashe akwai saura."

Ban gyara masa ba. Na ji daɗin yabon, kuma na ji ƙyamar kaina a lokaci guda. Tela ne, Baba. Tela mai jikoki. Ban dai faɗa ba.

Asabar, bayan azahar

Na bi ta shagon Abdulghani. Ba ban haƙuri na je yi ba, hanya ce ta bi da ni. Hannunsa na rataye a wuya da ƙyalle, ɗinki ya taru a kan benci. Kekensa na hannu ne, dama ke juya shi, hagu na riƙe yadi. Ya ce in zauna. Na zauna. Da na gaji da kallon keken a tsaye sai na kama marikin na fara juyawa, shi kuma yana tura yadin. Da hannun dama na juya, likita ai ya ce in motsa shi.

Mun gama riga guda. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Ka san abin da ya yi mini zafi? Ba kafaɗar ba. Ni na ba ka aron jikina ka koya da shi, sau nawa. Da aka zo kaina ka hana ni naka."

"Malam Abdulghani, a wurinmu wanda ya faɗi ya faɗi."

"A wurinku. Ni ma ɗan wurin ne, ubana ya yi kokawa a bakin Nilu. To ka zauna da sunanka, Allah ya sa albarka. Juya, zaren na tsinkewa."

Na juya har la'asar. Gobe ma zan je, don ɗinkin da yawa.

Lahadi, bayan asuba

Na hau soro da katifa kafin unguwa ta tashi. Na ce bari in gwada ni kaɗai, ba mai gani, ba a ce an ka da ni ba. Na tsaya katifar na bayana. Na lanƙwasa gwiwa. Gwiwar ta ƙi. Na yi ta tsayuwa har rana ta fito, kamar wanda aka ba gadin katifa.

Ba tsoro ba ne. Ban san sunansa ba, amma ba tsoro ba ne.

Litinin, bayan la'asar

Na gaya wa Abdulghani gobe zan koma sito. Ba don sun fi ni ba. Don ba a korata daga wurin da nake so, ko da mai korar ni ne da kaina. Ya ce shi ma zai zo, da ƙyallensa. Akwai mutane a shagon lokacin da na faɗa, ban kula da su wane ne ba.

Talata, bayan isha'i

Zan rubuta duka, ko hannun zai tsinke.

Ashe cikin mutanen shagon jiya akwai ƙanin Rafi'u. Ina isa sito na tarar da rabin Sa'alaba a bakin ƙofa. Rafi'u a gaba, Baba Na'ibi da sandarsa, har da mai gwangwani. Sun zo ganin yadda Tsayayye zai gama da mutumin Japan. Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Yalla, shiga, ɗana, a hankali dai, baƙo ne." Na so in juya gida. Wallahi na so.

Muhandis bai hana su shiga ba. Ya nuna takalma, suka tuɓe, suka jeru jikin bango. Ya dube ni, ya dubi taron, na ga ya gane komai. Na yi zaton zai ce in dawo wata rana. Bai ce ba. Ya kira Abdulghani.

Tela ya fito tsakiyar tamfol, hannun dama a ƙyalle, ya miƙo mini na hagu. Na ji dariya daga bango. Na kama wuyan hannunsa. Siriri ne, da na matsa da ya karye. Ya juya yadda ake juyawa, ya ɗaga, ya kawo hannun ta gefen wuyana. Ba ƙarfi a ciki ko kaɗan. Ƙafafuna sun riga sun kafe, ƙafar dama har ta fara neman tsakanin nasa. Na ji mai gwangwani ya fara bugawa a hankali. Abdulghani na kallona, kuma bai kare kafaɗarsa ba.

Na saki gwiwa.

Ba kyau na faɗi ba. Na zube kamar buhun shinkafa, bayana ya bugi tamfol, ƙura ta tashi. Gwangwani ya yi shiru.

A nan ne abin ya same ni. Ban taɓa ɗaga kai a siton nan ba, me zai sa. A kwance na ga rufin. Akwai dogon ƙarfe daga bango zuwa bango, da sarƙa, da ƙugiyar ɗaga kaya tana rataye daidai kaina. Haka Yahya ya gani. Yana kwance a cikin jirgin, santsi ya kwashe shi, kayan na lilo a samansa, ni ina riƙe da igiya. Ban saki ba. Igiyar ta ci hannuna har ƙashi ban saki ba, ita ce ta tsinke.

Yahya ya rasu. Ga shi na rubuta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Hawaye suka gangara mini har cikin kunne. Mutane sun zaci na karye, Rafi'u ya taso. Muhandis ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Ba wanda ya ɗaga ni, aka bar ni har na gama. Da na tashi zaune sai Muhandis ya ce, "Kaman." Wato a sake. Na miƙe na kama hannun tela, ya sake ka da ni. Bayansa Hadramawa, bayansu mai burodi. Ban ƙirga ba. Wajen ƙarshe na fara jin yadda ake naɗe haɓa a mirgina ta kafaɗa. 'Yan Sa'alaba suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya, ba sallama.

Baba Na'ibi kaɗai ya jira ni a waje. Ya tsufa a yammacin nan, na ji tausayinsa.

"Ɗana, ni na san kokawa. Telan nan bai ka da kai ba, kai ka kwanta. Zan gaya musu wasa ne irin na baƙi, ba ya cikin lissafi. Sunanka na nan."

"A'a, Baba. Bayana ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba?"

Ya kau da kai, na ci gaba.

"To ka gaya musu abin da ka gani. Ka ce tela ne, kuma da hannu ɗaya."

Ya daɗe yana kallona. Ya sa hannu ya kakkaɓe mini ƙurar da ke bayan riga, ya tafi.

Laraba, da hantsi

Ko'ina ciwo. Na fita sayen wake da burodi, na ratsa Hindawiyya daga wannan baki zuwa wancan. Mai shayi ya ce, "Sabahal khair, Abdulghaffar." Mai gawayi ma haka. Wani ya fara "Tsa…" ya haɗiye sauran. Ya yi mini zafi, ba zan yi ƙarya ba. Na fi shekara goma ina ɗauke da sunan nan, kuma ina son sa.

Rafi'u na zaune a bakin shagon aski da mutanensa. Ya ce, yadda kowa zai ji, "Yaya, an ce yau ma akwai faɗuwa?"

Na ce akwai, bayan la'asar. In yana da zuciya ya zo ya tuɓe takalmi.